Yadda Ake Kai Ɗalibai Yankari Su Dawo da Karatu a Ka

Kusan duk ƙarshen zango sai ka ga motar wata makaranta shaƙe da yara ta nufi Yankari. Su yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, su ɗauki hotuna, su ci shinkafa, su dawo a gajiye. Ran Litinin ka tambayi yaro me ya gano, ya ce maka biri ya ƙwace wa wane burodi. Kuɗin iyaye ya tafi, kwana biyu sun tafi, abin da ya rage a kan yaro ke nan. Dajin bai yi laifi ba. An kai yara ne ba tare da an ba su tambayar da za su nemo amsarta ba, kuma ba a ɗora wa kowa nauyin komai ba, malamai ne suka yi musu komai har ƙirga kawunansu. Ga yadda nake ganin ya kamata malami, ko malama, ya tsara wannan fita.

Mataki na farko: san wurin, ka zaɓi lokaci

Yankari na ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauci, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauci a 2006. Daga garin Bauci ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a isa babbar ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Ka riƙe wannan a ranka wajen lissafin lokaci, domin isa ƙofa ba isa masauki ba ne.

Rani ne lokacin zuwa. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina, dabbobi sun bazu. In ƙasa ta bushe kuwa dole su gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa dajin, nan ake ganinsu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu an fi ganin dabbobi, amma zafin Afrilu ba na yara ba ne. Ni dai Janairu ko Fabrairu nake zaɓa. Ka kauce wa watan azumi, ka kauce wa makonnin jarrabawa.

Kada ka kai yara inda ƙafarka ba ta taka ba. Ka je da kanka mako uku ko huɗu kafin ranar. Ka ga ɗakunan kwana, ka ga banɗaki, ka tambayi kuɗin shiga na ɗalibai da na motar zagaya daji, ka ji ƙarfe nawa motar ke fita, ka gwada wane layin waya ke kamawa. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a 'yan kwanakin nan, ka sake tambaya ana jibi tafiya. Tafiyar dare babu ita, zuwa ko dawowa.

Mataki na biyu: izini da iyaye

Takardar shugaban makaranta da ta hukumar ilimin da makarantar ke ƙarƙashinta, waɗannan kowa ya san su. Inda ake sakaci shi ne wajen iyaye. Takarda kaɗai ba ta isa ba, musamman ga iyayen 'yan mata. Ka kira taron iyaye da malamai, ka gabatar musu da malamai matan da za su kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansu, ka faɗi lokacin tashi da na dawowa, ka ba da lambar da za a kira. Uban da ya ga fuskar malamar da zai damƙa wa 'yarsa ya fi saurin sa hannu.

A takardar izinin a bar gurbin da uba ko uwa za su rubuta ciwon da yaro ke da shi: sikila, asma, farfaɗiya, ko abincin da ba ya ci. Wannan ba dalilin barin yaro a gida ba ne. Mai sikila yana bukatar ruwa fiye da kowa, kuma ba a barinsa ya jiƙe cikin sanyin safiya. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba, ga ƙurar hunturu. Babba ɗaya ga yara takwas, in an matsa goma. Ɗalibai 40 sun isa fita ɗaya. Fiye da haka kiwo za ka yi.

Mataki na uku: raba su ƙungiya-ƙungiya, ka ba kowa aiki na gaske

A nan darasin shugabancin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Dabarar tsohuwa ce. A 1907, da Baden-Powell ya kai yara maza kimanin 20 tsibirin Brownsea a Ingila, zaman da ya haifar da ƙungiyar Sikawut, ya kasa su gida huɗu ne, kowane gida da yaro ɗaya a matsayin jagora. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. Cibiyar horar da shugabanci da ke duwatsun Shere kusa da Jos, wadda asalinta ya faro a 1951 a gaɓar Man O' War da ke Kamaru ta yau, a kan wannan tunanin ta ginu: a ɗora wa matashi nauyi a fili, a tsaya gefe a ga yadda zai yi.

Yara shida-shida. Kada ka bari su zaɓi junansu, aminai za su dunƙule a bar marasa baki a gefe. Kai za ka haɗa, ka cakuɗa mai ƙoƙari da mai rauni, mai surutu da shiru-shiru. A kowace ƙungiya ayyuka shida ne. Jagora shi ke karɓar umarni daga malami ya isar, kuma shi ke yanke magana in an yi saɓani. Magatakarda na riƙe da littafin ƙungiya. Mai agogo na lura da lokacin aiki, na abinci da na salla. Mai ruwa na tabbatar da kowa ya cika gorarsa kuma yana sha. Mai kaya ya karɓi ma'aunai da hannunsa, ya mayar da su a ƙirge. Na shida shi ne ɗan baya, wanda ba ya yarda kowa ya kasance a bayansa, kuma duk inda aka tsaya sai ya ƙirga mutanensa da ƙarfi ya ce shida sun cika.

Aikin ɗan baya nake fara ba yaron da ya fi kowa rawar kai. Wanda kullum shi ake nema, yau shi ke neman wasu. Sau da yawa za ka sha mamaki.

Ana juya ayyukan sau biyu a yini, bayan azahar da kuma da safe, ta yadda a kwana biyu yaro zai ɗanɗana huɗu. Ba za a samu kowa ya yi jagora a tafiyar ba, shi ya sa ake fara juyin tun daga gwajin da za a yi a makaranta. Kuma kada shugaban ɗalibai ko monita ya fara. Su sun saba, wasu ake so su taɓa.

Abin da ya fi wuya na malami ne: kame baki. Za ka ga jagora ya raba aiki a karkace, ka san awon zai lalace, harshenka na ƙaiƙayi. In dai ba lafiyar wani ce ke cikin haɗari ba, ƙyale su. In yaro ya zo ya ce, Malam, ina za mu sa sandar? Ka ce masa, ka tambayi jagoranku. Ka faɗa wa sauran malamai wannan tun a gida, domin akwai wanda ba ya iya ganin yaro na kuskure bai karɓe aikin ba.

Mataki na huɗu: gwaji a harabar makaranta

Mako biyu kafin tafiya, ku fita bayan aji ku yi duk awon da za a yi a can. Yaron da bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba zai ɓata rabin safiya a Wikki yana juya shi.

Kayan ba su da tsada. Kowace ƙungiya na bukatar sanda madaidaiciya mai tsawon mita ɗaya cif, igiya mai mita 20 da aka ƙulla a kowace mita, tef ɗin tela, ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaje-gwaje, farar leda mai nuna ciki da zare, fensir, da littafi mai bango mai ƙarfi. Fensir na ce, don biro na dagulewa in ya jiƙe. Ma'aunin zafin jiki na asibiti ba zai yi ba, ba ya karanta sanyi.

Su fara da tsawon bishiya ba tare da an hau ba. A kafa sandar a tsaye a rana, a auna inuwarta, a auna inuwar bishiyar nan take kafin rana ta gusa. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta bishiya kuma mita 12, sai a raba 12 da 0.8, bishiya mita 15 ke nan. Darasin siffofi masu kusurwa uku masu kama da juna ne da suka sha kwafa daga allo. Ka bar ƙungiyoyi biyu su auna bishiya ɗaya. Amsarsu za ta bambanta, kuma gardamar da za ta biyo baya, wa ya karkata sanda, wa ya fara awo daga gindin bishiya wa ya fara daga gefen inuwa, ita ce kimiyyar.

Da wannan sandar ake gano gabas. A sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta, a jira minti 20, a sake sa wata. Layin da ya haɗa su ya miƙa ne kusan daga yamma zuwa gabas, tsakuwar farko ce yamma. Daga nan su fitar da alƙibla, wadda daga ƙasar Bauci gabas ce a ɗan karkata arewa.

Ledar kuma a zura mata reshe mai ganye, a ɗaure bakinta da safe. Kafin la'asar ruwan da ganyen ke fitarwa ya taru a ciki. A yi wa darbejiya, a yi wa mangwaro, a kwatanta.

Mataki na biyar: guzuri da kayan agaji

Ruwa lita uku zuwa huɗu ga kowane yaro a yini, ban da na alwala. Takalmi rufaffe, riga mai dogon hannu, hula, bargo ko rigar sanyi. A guji baƙaƙe da shuɗɗan kaya ranar shiga daji, domin launukan da ke jan ƙudan tsando ke nan, kuma akwai shi a kurmin bakin kogi. Gidan sauro, tocila, tabarmar salla.

A akwatin agaji a sa bandeji, filasta, maganin wanke ciwo, farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, a haɗa: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaron da ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo, leɓensa ya bushe, a kai shi inuwa a fara ba shi kafin a yi wata magana.

Sai maciji. Wannan yanki na Bauci da Gombe ƙasar kububuwa ce, shi ya sa aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. Doka biyu ga yara: ba a zura hannu rami ko ƙarƙashin dutse, ba a fita da dare ba takalmi da tocila. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A kwantar da yaro, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa mota sai asibiti. Saboda haka direba da motarku su kwana tare da ku, da mai a tanki.

Mataki na shida: kwana biyun

Ku tashi bayan asuba. A mota kowace ƙungiya ta karɓi tambayarta a rubuce, tambaya ɗaya tak wadda za ta amsa a gaban makaranta in an dawo. Me ya sa ruwan Wikki ke da ɗumi? Me giwa ke ci, kuma ta yaya za mu sani ko ba mu gan ta ba? Me ya bambanta bishiyoyin bakin Gaji da na tudu? Wace dabba ce ke tafiya a garke, wace ce ita kaɗai, kuma me ya sa? Su wa suka zauna a dajin nan kafin a keɓe shi?

Da kun sauka, kafin komai, gargaɗin gwaggon biri. A masaukin Wikki suna yawo tsakanin mutane, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Ba a ba su abinci, ba a tsokanarsu, ba a riƙe abinci a hannu a fili. In ya ƙwace, a bar masa. Gadu ma na kiwo a wurin, a ba shi hanya. Sannan a faɗa wa yara da babbar murya cewa babu mai fita daga harabar masauki da ƙafa sai da ma'aikacin daji, kuma ba a tsinkar komai ko a ɗauko komai a tafi da shi gida. Abin da ya burge ka, zana shi.

Yammacin ranar farko na gidan tarihin da ke masaukin ne da kuma awon farko a Wikki. Ruwan na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutsen yashi, garai-garai, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Kada ka faɗa wa yara wannan adadi. Su auna zafin ruwa da na iska da la'asar, su sake aunawa da sassafe bayan salla. Da asubar hunturu za su ji ruwan kamar an dafa, da rana tsaka kuma su ji shi da sanyi-sanyi, alhali ma'auni na nuna abu ɗaya. Iska ce ta canja, fatarsu kuma kwatantawa take yi. Daga nan sai tambayar inda ɗumin ya fito. Ruwan sama ne da ya nutse can cikin ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya na zurfi, ya daɗe a can, ya dawo sama da zafin da ya ɗauko. Ka bar su su yi ta hasashe tukuna. Wani zai ce aman wuta, wani zai ce aljanu, a rubuta duka.

Wanka kuwa da sharaɗi. Wajen idon ruwan zurfinsa ya kusa mita biyu, kuma tsabtar ruwan na sa a ga kamar ƙasan na kusa. Maza lokacinsu daban, mata daban da malamansu mata. Ƙungiya biyu kawai a ruwa lokaci guda, babba wanda ya iya iyo na tsaye a baki ba ya kallon waya, ɗan baya na ƙirga kafin shiga da bayan fita. Wanda bai iya ruwa ba iyakarsa inda ruwa ke gwiwa.

Da safe a shiga motar zagaya daji. Ka gaya wa yara gaskiya tun kafin a hau: ba lalle a ga giwa ba. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma dajin da faɗi, zaki kuwa ganinsa sai mai babban rabo. Gwambaza, mazo, ɓauna, gwanki, kada da dorina sun fi yiwuwa, ga tsuntsaye fiye da iri 350 da aka ƙirga a dajin. Magatakarda ya ja layi huɗu a littafi: lokaci, dabba, guda nawa, me take yi. Surutu a mota shi ke korar dabbobi, kuma aikin jagora ne ya tsawatar, ba naka ba.

In ma'aikacin dajin ya yarda a tsaya inda giwa ta wuce, an samu darasi mafi daɗi. A zagaya sawun ƙafar gaba da tef ɗin tela, a ninka biyu, an samu kimanin tsawon giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Kashinta kuma a tona shi da tsinke. Giwa ba ta narkar da ko rabin abin da ta ci, don haka za a ga ɓawon itace, ciyawa da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa lafiya lau, waɗanda za su tsiro nesa da uwarsu. Yaran da suka fara toshe hanci su ne za ka ja da ƙyar zuwa mota. Ma'aikacin nan kuma ka ba shi girmansa, ka sa yara su yi masa tambaya. Ya san sunan kowace bishiya da abin da ke cinta, marke, kawo, taura, giginya, ilimin da babu shi a littafin aji. In lokaci ya ba da dama a biya kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, domin ƙungiyar da ke da tambayar tarihi.

Zaman dare

Bayan isha'i, minti 30, kowace ƙungiya ta zauna da'ira da babba ɗaya. Tambaya uku: me muka gano yau, ina aikinmu ya karkace, me za mu canja gobe. Jagoran da ya sauka shi ke fara magana, ya faɗi abu ɗaya da ya yi masa wuya. Sauran su faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. Ba a ambatar laifin mutum da dariya, kuma malami shi ne na ƙarshen magana, in ma ya yi. A nan za ka ji yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba tana cewa ta ba da umarni ba a saurare ta ba sai da ta kira kowa da sunansa. Kada gajiya ta sa a tsallake wannan zama.

In sama ta yi garau, a kashe tocila minti biyar. A watan Janairu da Fabrairu Kaza da 'Ya'yanta na sama da farkon dare, Zara kuma, in lokacin fitowarta ne da yamma, ba ta ɓuya. Yaran birni da yawa ba su taɓa ganin sama babu hasken lantarki ba.

Bayan an dawo

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Cikin mako guda kowace ƙungiya ta tsaya a gaban taron safe, minti biyar, da babbar takarda ɗauke da alƙaluman da ta auno da zanen da ta yi, ta amsa tambayarta. Wanda zai yi bayanin ba wanda ya fi iya baki ba ne, ƙuri'a za a jefa, saboda haka dole su shirya junansu su shida. A gayyaci iyaye biyu ko uku, su ne za su shawo maka kan sauran baɗi. Kai kuma ka rubuta wa shugaban makaranta shafi ɗaya: abin da aka kashe, abin da ya yi saura, abin da za a gyara. Ka karɓi littattafan ƙungiyoyin ka adana su. 'Yan baɗi za su auna ruwan Wikki su kwatanta da na bana.

Makarantar da ba ta da kuɗin mota zuwa Bauci kuma ta ɗauki sandarta da igiyarta ta nufi abin da ke kusa: Dutsen Dala ga na Kano, Kufena ga na Zariya, fadamar Haɗeja da Nguru lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, ko tsohuwar kukar bayan gari da surin da ke gindinta. Ƙungiyoyin shida-shida ne dai, tambaya ɗaya ga kowacce, ɗan baya na ƙirga mutanensa, a dawo kafin la'asar.